"Zauna Ka Huta, Baba": Ladabin da Ke Cinye Ƙafar Tsoho

A Najeriya, ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Dokar 2022 ta kai malaman firamare da sakandare zuwa 65, farfesoshi kuwa wata doka ta daban ce ta kai su 70. Wannan ritaya ce mai takarda da sa hannu. Akwai wata kuma wadda gida ke yi wa mutum ba tare da an tambaye shi ba, ita ce ma ta fi saurin tsufar da shi. Alhaji ya miƙe zai ɗauko buta, jika ya riga shi. Ya ce zai leƙa kasuwa, babban ɗansa ya ce, "Haba Baba, muna raye? Zauna ka huta." Masallacin Juma'ar da ya shekara 30 yana takawa zuwa, yanzu a mota ake kai shi. Hajiya kuwa tun ranar da aka kawo suruka ta yi sallama da tsintsiya da murhu, tana daga ɗaki ana kawo mata komai har ruwan alwala. Duk ƙauna ce ta kawo wannan, da gudun kada a ce 'ya'ya sun bar iyayensu cikin wahala. Sai dai jiki bai san ladabi ba. Wanda ya shiga sittin ko saba'in, babban jarinsa ƙarfin ƙafarsa ne, kuma zaman da ake yi masa gata da shi, shi ke cinye jarin.

Tun daga shekara 30 tsokar mutum take fara raguwa, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan 60 kuma abin sai ya ƙara gudu. Tsoka tamkar bashi take da sharaɗi: wadda ba a sa ta aiki ba, jiki janye ta yake yi. A 2007 masu bincike a Amurka suka kwantar da wasu dattawa masu lafiya, 'yan kimanin shekara 67, na kwana goma a kan gado. Ba ciwo, ba yunwa, kwanciya kawai. Da suka tashi, a matsakaici sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Saurayi zai mayar da irin wannan asara cikin sauƙi. Dattijo kuwa sai ya yi da gaske, wani ma ba ya mayarwa. Shi ya sa ake ganin tsoho ya yi 'yar jinyar zazzaɓi ta mako biyu, zazzaɓin ya tafi, amma daga nan bai sake fita ƙofar gida ba. Sai a ce tsufa ne ya zo. Sau da yawa kwanciyar ce ta yi ɓarnar, da kuma lallashin da ya biyo bayanta.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin manyan motocin Landan masu hawa biyu da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin. Binciken da ya fi dacewa da maganarmu kuwa shi ne wanda Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa a 1990. Sun ɗauki tsofaffi goma a wani gidan kula da gajiyayyu a Boston, daga mai shekara 86 zuwa mai 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa tsawon mako takwas. A wurin tara da suka kammala, ƙarfin cinya ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari, wato ya kusa ninkawa uku. Idan tsokar ɗan casa'in tana amsa kira, ɗan sittin da ya ce nasa ya ƙare bai faɗi gaskiya ba.

Me ya sa ake damuwa da ƙafa fiye da sauran gaɓoɓi? Saboda ita ce iyakar da ke tsakanin mai iko da kansa da wanda ake yi wa komai. Da cinya ake tashi daga tabarma, da ita ake tsugunno a makewayi, da ita ake ɗagowa daga sujada. Ita ce kuma ke tare mutum idan ya yi tuntuɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi yawa a cikinsu. Wanda ya taɓa ganin tsohuwar da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu ya san yadda labarin kan kasance: ɗori, kwanciya, gyambon baya, sai kuma abin da Allah ya yi.

Wani zai ce ai gwiwar ce ke ciwo, ba ƙiwa ba ce. Gaskiya ne, ciwon gwiwa na tsufa ba ƙarya ba ne, kuma addini ya yi sauƙi ga wanda ba ya iya tsayuwa. Amma maganin farko da likitocin ƙashi ke bayarwa ga irin wannan ciwo shi ne motsa gaɓar da ƙarfafa tsokar da ke riƙe da ita, tare da rage ƙiba in akwai. Gwiwar da aka ajiye sandarewa take yi, cinyar da ke sama da ita ta motse, nauyin duka ya koma kan gaɓar da dama ita ke kuka. Wanda likita ya hana, ko mai ciwon ƙirji da haki da jiri idan ya yi tafiya, wannan zancensa daban. Asibiti zai fara zuwa, a kuma duba hawan jini.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi na mutanen karkara ne. Tsohon da yake noma da fartanya yana ɗan saba'in don babu mai ciyar da shi, da tsohuwar da ke tafe da dammin itace a ka, wa zai ce musu su motsa jiki? Waɗannan hutu suke bukata, da abinci. Tsoka ba ta ginuwa da tuwo da miyar kuka zalla. Tana son wake, gyaɗa, nono, ƙwai, kifi ko nama gwargwadon hali, kuma bukatar tsoho ga irin wannan abinci ba ta gaza ta matashi ba, duk da al'adar tura tsoho ga koko da kunu da zarar haƙora sun fara zubewa. Maganar motsa jiki ta fi shafar gidajen birni da na masu rufin asiri, inda hutun ya wuce kima har ya zama cuta. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Abin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba, ba sai an sayi kayan wasanni an shiga sahun samari ana gudu a titi ba, abin da dattijon Bahaushe ba zai taɓa yi ba ko da an biya shi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya hira. Ga wanda ya kai 65, a haɗa da aikin ƙarfafa tsoka da daidaita tsayuwa kwana uku a mako. Minti goma zuwa masallaci da dawowa, sau uku a yini, ya riga ya cika ma'aunin farko. Shara, ban ruwan shuka, kiwon 'yan awaki, zuwa gaisuwa da ƙafa maimakon a waya, duk suna cikin lissafi, kuma suna mayar da mutum cikin jama'a. Mata ne suka fi bukatar a buɗe musu wannan ƙofa, domin bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu yana saurin yin rauni, ga shi su aka fi zaunarwa.

Akwai gwajin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke amfani da shi, wanda kowa zai iya yi a tsakar gida. A jingina kujera marar hannu da bango, mutum ya zauna, ya rungume hannuwansa a ƙirji, ya riƙa miƙewa tsaye yana komawa har daƙiƙa 30, wani na kusa da shi yana ƙirgawa. Namiji ɗan 60 zuwa 64 da ya gaza kai 14, ko mace 12, ƙafarsa ta fara rauni. A shekara 70 zuwa 74 ma'aunin 12 ne ga namiji, 10 ga mace. Gwajin kansa motsa jiki ne idan ana maimaita shi safe da yamma. 'Ya'yan da ke tara kuɗin kujerar Makka don Baba ko Inna su fara da wannan kujerar ta tsakar gida wata shida kafin tafiya, domin sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, ban da ɗawafi da hanyar jifa.