Funfuna Mai Magani, Funfuna Mai Dafi

Mu mutanen ƙasar Haɗeja mun san funfuna. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya malala fadama, sai danshi ya shiga ko'ina. Tuwon da ya kwana biyu ya yi gashi-gashi, lemo ya yi kore-kore. To, funfuna ke nan. Abu ce mai rai. Iska ke yawo da irinta, inda ya sami danshi nan yake tsirowa.

Funfuna iri-iri ce. A wani gari na Faransa, Roquefort, da gangan suke zuba wata koriya cikin cukun nonon tumaki, su ajiye shi a kogon dutse wata uku, don ya yi ɗanɗano. Cukun da Buzaye ke kawo mana kuwa shanya shi ake yi.

'Yar'uwar wannan koriyar ce ta ba mu fenisilin. A 1928 wani likita a Landan, Alexander Fleming, yana kiwon ƙwayoyin cuta cikin ɗan faifan gilashi don bincike. Ya tafi hutu. Da ya komo ya tarar funfuna ta tsiro a ciki, ƙwayoyin da ke kewaye da ita duk sun mutu. Da wani ne, da sai ya wanke faifan kawai.

Amma tace maganin ya yi wuya. Sai a 1941 aka gwada shi kan wani ɗan sanda a Oxford. Ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, ya rasu. A 1943 aka sami funfuna mai ba da magani da yawa jikin wata irin kankana da ta ruɓe a kasuwa, a Amurka. Daga nan allurar ta wadata, har ta iso asibitocinmu. Tana warkar da tunjere da miki mai ruɓa.

Kada mu ce, ashe funfunar gidanmu ma magani ce. A'a. Wadda ke kama gyaɗa da masara daban take. Dafinta yana ɓata hanta, dahuwa kuma ba ta kashe shi.

Mun tuna ambaliyar 2022, yadda ruwa ya shiga rumbuna. Hatsin da ya jiƙe har ya yi funfuna, a zubar. Kada ma a ba shanu, gama dafin yana fitowa cikin nono. Wanda ya tsira a shanya shi ya bushe ƙarau, kana a ɗora buhunan bisa itace, nesa da ƙasa da bango.