Babi na Bakwai: Abin da Hanci Ya Riƙe a Ƙasar Kura da Bunkure

Kowane gari da irin ƙamshinsa, kuma sana'ar mutanensa ce ke haifar da shi. Wanda ya tashi a kusa da Bompai ko Sharaɗa lokacin da masana'antun Kano ke aiki dare da rana, ƙamshin gyaɗar da ake matsa da na alawa da sabulu ne ke mayar da shi ƙuruciya. Wanda ya tashi a Kura ko Bunkure ko Garun Malam kuwa, nasa daban ne. A wannan yanki, kaka da uba da jika ba iska ɗaya suka shaƙa suna yara ba, domin abin da ake ci da shi ya yi ta sauyawa a cikin ƙarni guda.

Yadda hanci ke ajiye tarihi

A can saman kogon hanci akwai ƙananan jijiyoyi masu kama ƙwayoyin abin da ke yawo a iska. Ɗan Adam yana da irin waɗannan jijiyoyi har kusan kala 400. Binciken da ya bayyana yadda suke aiki shi ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel, 'yan Amurka, kyautar Nobel a 2004. Saƙon ido da na kunne sai sun fara yada zango a wata mahaɗa cikin ƙwaƙwalwa kafin a rarraba su. Saƙon hanci kuwa yana da gajeriyar hanya zuwa sassan da ke kula da tsoro da farin ciki da tuna baya. Shi ya sa ƙamshi kan taso wa mutum da abin da ya daɗe da mantawa, tare da yadda zuciyarsa ta ji a ranar. Masana sun kuma lura cewa yawancin abin da ƙamshi ke tunatar da manya ya faru ne tun ba su wuce shekara 10 ba.

Zamanin baba da marina

Tun kafin a san noman rani na zamani, sunan Kura ya kai Agadas da cikin Sahara saboda rini. Rawanin nan mai baƙin shuɗi da ƙyalli da ake kira ɗan Kura daga nan ya samo suna, kuma sarakuna da Buzaye suna sayensa da tsada. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya bayyana saƙa da rini a matsayin ƙashin bayan arzikin ƙasar.

Marina tana da warinta. Ana zuba baba da toka da katsi a karofi, a cika da ruwa, a bar shi kwanaki yana tsima har kumfa ta taso. Tsamin da ke fitowa daga ramin yana kama riga da fata, ya bi marini har gida. Daga can kuma rumfar masu bugu, inda ake shafa shuni a jikin zane a yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki walƙiya. Tsofaffin da suka yi wasa a bakin karofi, wannan tsami ne ƙamshin gida a wurinsu. Shigowar yadin kanti da rinin kemikal ta rage wannan sana'a ƙwarai.

Da ruwan Tiga ya iso

A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974. Tana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can ruwa ke gangarowa da kansa ta babbar magudana, ba tare da famfo ba, ya ratsa Ruwan Kanya ya rarrabu cikin gonaki. An fara gwajin shirin a Kadawa, an tsara kashin farko a kan hekta 22,000, sannan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 ta karɓi kula da shi.

Wannan ruwa ya sauya har iskar yankin. A da, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai an yi ruwan fari. Wasu ƙananan halittu ne da ke zaune cikin ƙasa suke fitar da sinadarin da ke ba da shi, kuma hancin mutum na jin sa ko da ɗan mitsitsi ne. Bayan Tiga, sai ga wannan ƙamshi a tsakiyar hunturu: manomi ya jera lanƙwasassun bututu a bakin magudana da asuba, ruwa ya kwanta a busasshiyar gona, ƙamshin damina ya tashi cikin hazo. Yaran da aka haifa bayan 1974 sun girma ba su ɗauki wannan abin mamaki ba.

Amfanin gona ma kowanne da nasa. Alkama ana shuka ta da shigowar sanyi, a girbe ta wajen watan Maris, kuma ta ƙara daraja da gwamnatin Babangida ta hana shigo da ita a 1987. Ƙamshin kararta a rana da na gurasa a tanderu suna cikin abin da 'yan wancan lokaci ke tunawa. Sai ganyen tumatir da ke barin kore da ƙamshi mai kaifi a hannun mai tsinka, da albasa da tattasai da attaruhu da ake lodi a kasuwar Kwanar Gafan. Idan kaya ya yi yawa, kwando ya faɗi warwas, tsamin ruɓaɓɓen tumatir ne ke tarbar matafiyi a hanyar Zariya, mata kuma su duƙufa yanka kauɗa suna shanyawa. Don rage wannan asara aka buɗe kamfanin sarrafa tumatir na Dangote a Kadawa a 2016. A shekarar ce kuma tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, warin maganin feshi ya cika ko'ina.

Gumi da inji

Yau shinkafa ce ta riƙe garin Kura, kuma duk mai shiga zai shaida da hancinsa. Mata ne suka fi yin gumi. Ana jiƙa shanshera a ruwan zafi ta kwana, a tsame, a turara ta a manyan tukwane ko rabin durom, a shanya a kan tamfol, sannan a kai inji. Turarawar tana ƙarfafa ƙwayar don kada ta kakkarye wajen gyara, tana kuma tura wani ɓangare na amfanin dusar zuwa cikinta. Tururin yana da ƙamshi mai ɗumi kamar na dafaffiyar masara. Yana cakuɗuwa da hayaƙin itace, da ƙaurin ɓuntun da ake ƙonawa, da hayaƙin baƙin mai daga injuna. Rufe iyakokin ƙasa a 2019 ya ƙara wa wannan sana'a kasuwa, injuna suka ƙaru. Yaran Kura na yanzu wannan iska za su tuna.

Warin da bai kamata a saba da shi ba

Hanci yana da rauni guda: idan wari ya daɗe, sai ya daina jin sa. Baƙo na toshe hanci, ɗan gari yana cin abincinsa. Hausawa sun ce sabo turken wawa. Masana'antun jima na Chalawa da Sharaɗa suna cire gashin fata da farar ƙasa da wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, su jeme ta da kemikal a maimakon bagaruwar majeman da. Ruwan dattin da ba a tace ba yana gangarawa Kogin Chalawa, wanda ake ban ruwan lambu da shi. A gonaki kuma, yaro kan goya tankin feshi ba safar hannu, ba abin rufe fuska. Hayaƙin ɓuntu da ƙurar inji suna shiga ƙirjin masu aiki. Ruwan magudanar da ya kwanta cikin ciyawar kachala yana tara sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Noman rani ya ciyar da dubban gidaje a Kura da Bunkure, kuma babu mai son injin shinkafa ya tsaya. Abin da ake buƙata shi ne a tace ruwan masana'anta kafin a sake shi, a yashe magudanai a kan kari, a fitar da wurin ƙona ɓuntu daga cikin unguwa, a kuma hana yara taɓa maganin feshi. Wannan nauyi yana kan hukuma da masu masana'antu da ƙungiyoyin manoma, yana kuma kan kowane magidanci da ke tura ɗansa gona.