Yis Ɗin Fanke Da Cututtukan Gado

Kowa ya san yis, garin nan da mai fanke a kasuwar Babura ko mai gashin burodi a Kazaure ke zubawa a ƙullu don ya tashi. Abin da galibinmu ba mu sani ba shi ne, yis halitta ne mai rai, yana ci yana hayayyafa, har ma masana sun sa shi aikin binciken cututtukan gado.

Ga yadda abin yake. Jikin mutum yana aiki ne da wasu sinadarai da ake kira furotin. Kowane furotin yana da ƙwayar gado mai ɗauke da tsarin ƙirarsa, kamar rubutu a allo. In harafi ɗaya ya sauya, furotin na iya lalacewa. Alal misali amosanin jini, watau sikila, wanda ba sai an yi wa mutumin Roni ko Gwiwa dogon bayani a kansa ba. A 1957 Vernon Ingram ya nuna cewa sauyi a wuri ɗaya tak, cikin furotin mai ɗaukar iska a jini, shi ke jawo wannan wahala duka. To, wannan dai an gane shi. Amma akwai dubban sauye-sauye da likita zai gani a gwaji ya rasa abin da zai faɗa wa iyayen yaro. Mai cutarwa ne, ko kuwa ba kome? Ba kuwa za a yi gwaji a jikin ɗan mutane ba.

A nan ne yis ya yi rana. Sai a cire masa wata ƙwayar gado wadda ba ya rayuwa sai da ita, a sa masa takwararta ta mutum. Abin mamaki, sau da yawa sai ya rayu! A 1987, a Landan, Paul Nurse da Melanie Lee suka yi irin wannan da wani ɗan'uwan yis ɗin burodi, suka gano ƙwayar gadon da ke kula da rabuwar ƙwayoyin jikinmu. A 2015 kuma masana a Jami'ar Texas ta Amurka suka gwada guda 414, kusan rabi suka yi aiki.

Da zarar yis ya dogara da furotin ɗin mutum, sauran aikin mai sauƙin fahimta ne. A sa masa mai sauyi, a zuba ido. In ya ci gaba da yaɗuwa, da alama sauyin bai yi ɓarna ba. In ya tsumbure ko ya mutu, an sami abin zargi. Da yake cikin kamar awa 2 yake ninka kansa, kuma sukari ne cimarsa, ana iya gwada dubban sauye-sauye a lokaci guda.

Sai dai kada mu ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Yis ba shi da jini, balle ƙashin da zai yi ciwo da sanyin hunturu. Saboda haka don a san ko mutum AA ne, ko AS, ko SS, sai dai a je asibiti a ɗebi jininsa.