Wayar Na'urar Zuciya: Haɗarinta Da Yadda Ake Sa Mata Ido

Akwai wata 'yar na'ura da likitoci ke dasa wa masu ciwon zuciya a ƙarƙashin fatar ƙirji. Girmanta kusan na akwatin ashana ne. Tana da batir, kuma wata siririyar wayar lantarki ce ke bi ta jijiyar jini ta haɗa ta da zuciya. Aikinta shi ne lura da bugun zuciya dare da rana. Idan bugun ya rikice yadda zai iya kashe mutum nan take, sai ta girgiza zuciyar da lantarki, ta koma daidai.

To, amma zuciya na bugawa kimanin sau 100,000 kowace rana, kuma wayar na motsi tare da ita. Yau da gobe sai mai rauni ta tsage. Haɗarin iri biyu ne. Na farko, na'urar kan zaci zuciya ce ta rikice, ta yi ta jan mutum da lantarki alhali ba abin da ya same shi. Na biyu, ranar da ake bukatarta ta kasa aiki.

An ga haka a watan Oktoba na 2007, lokacin da kamfanin Medtronic na Amurka ya daina sayar da wayarsa mai suna Sprint Fidelis. Kafin nan an dasa kimanin 268,000 a duniya. Kamfanin ya ce mai yiwuwa tsagewarta na da hannu a mutuwar mutum 5. Zuwa 2009 adadin ya kai 13.

Duk da haka likitoci ba su ce kowa ya zo a cire masa ba. Dalili kuwa, wayar da ta daɗe takan manne da jijiya, kuma garin cirewa ana iya yaga jijiyar ko zuciyar. Kada garin neman gira a rasa ido. Sai aka zaɓi sa ido. A 2008 aka ƙara wa na'urorin wata dabara ta yin ƙara idan wayar ta fara lalacewa. Akwai kuma akwatin da ake ajiyewa a gida, mai aika rahoto asibiti.

Saboda haka, duk wanda aka dasa wa irin wannan na'ura, ya adana katinta mai ɗauke da sunan kamfani da lambar waya ɗin da aka sa masa. Kada ya tsallake ranar ganin likita. Idan ya ji ƙara daga ƙirjinsa, ko lantarki ya ja shi, ya nemi likita ba tare da ɓata lokaci ba.