Filin Manoma: Ido Ba Mudu Ba Ne, Ko A Bakin Wutar Gashi

Jama'a, wannan mako za mu jingine fartanya mu leƙa bakin wuta, domin manomin da ya yi wata shida yana turke rago da harawa da dusa, aikinsa bai ƙare ba sai naman ya shiga cikin iyali lafiya.

Kowa ya san ƙasar Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ƙasar dabbobi ce. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura cikin 1929, nan aka riƙa lodin gyaɗa da fatu da shanu zuwa Kudu. Kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis kuwa, sunanta ya kai har ƙasar Nijar. Amma ɓarayin daji sun rage garke, dabba ta yi tsada. Wanda Allah ya hore wa ragon layya yanzu, hasarar cinya guda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

ABIN DA YA SAMI MAƘWABCINA

Kun san al'adarmu, daga nan har Sakkwato da Maraɗi. In an yanka rago an feɗe, sai a buɗe shi a kan sanduna, a kafa kewaye da babbar wuta, a wuni ana juyawa, ba a rabo sai kashegari. To, bara waccan wani maƙwabcina ya yi haka. Da la'asar bayan ragon ya yi ja wur, mai yana ɗiga, kowa ya gani sai ya yaba. Ya janye itace ya tafi gaishe-gaishe. Da gari ya waye aka sa wuƙa a cinya, sai ga wari ya taso daga gindin ƙashi. Ashe wuta ta ci baya ne kurum, ba ta kai ciki ba. Cinya biyu aka zubar, yaran da suka riga suka taɓa kuma suka kwana biyu suna gudawa.

Ba ragon ke da laifi ba. Zafi yana shiga nama ne sannu-sannu, daga baya zuwa ciki, kamar yadda yayyafi ke jiƙa saman ƙasa, ka tona ka iske busasshiya. Masana kiwon lafiya sun ce ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salshiyos. Tsakiyar cinyar da ta wuni da ɗumi-ɗumi, ba ta yi sanyi ba, ba ta kuwa yi zafi sosai ba, ta zama musu gona. Ga shi kuma cikin 2024 da 2025 Babbar Salla ta faɗo a watan Yuni, farkon damina, lokacin da zafi da laima suka haɗu, nama ba ya haƙuri.

WANE IRIN ABU NE?

Akwai wani ma'aunin zafi da masu gashi a Amurka da Ingila suke aiki da shi, ya kuwa fara shigowa ƙasarmu. Tsinke ne na ƙarfe, kamar basilla, tsawonsa bai kai taki ɗaya ba. Ana soka shi cikin nama a bar shi nan har a gama. Bakinsa yana auna zafin cikin naman. Waɗansu kuma gindinsu da ya rage a waje yana auna zafin iskar da ke kewaye da naman. Ba shi da igiya. Ta iska yake aika labari zuwa wayar hannu, ko zuwa wani ɗan akwati mai nuna lamba. Kai ne za ka gaya masa lambar da ka ke so, in nama ya kai nan sai waya ta yi kuka.

Yawancinsu da Bluetooth suke aiki, watau magana ce tsakanin tsinken da wayarka kaɗai, ba ruwansu da kati. Ko lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara cikin Satumba 2021, irin wannan rufewa ba ta hana shi aiki. Amma fa ba shi da dogon zango. Daga tsakar gida zuwa zaure yakan kai, katangar ƙasa mai kauri kuwa tana rage masa ƙarfi. Kada ka tafi kasuwa ka ce yana yi maka gadi.

LAMBOBIN DA ZA A RIƘE

Ma'aikatar Gona ta Amurka ta tsara lambobi kamar haka, a tsakiyar nama:

1. Tsokar sa, ko rago, ko akuya: digiri 63, sa'an nan a bar ta ta huta minti 3 kafin a yanka.
2. Niƙaƙƙen nama da kayan ciki: digiri 71.
3. Kaza, da zabo, da agwagwa: digiri 74.

Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta taƙaita, ta ce a kai abinci digiri 70. Shawarata ga mai ragon da zai kwana kafin rabo, ya riƙe 70 ɗin nan, kada ya janye wuta sai tsakiyar cinya ta kai. Zafin nan yana kashe ƙwayoyin da ke kawo gudawa da amai, da 'ya'yan tsila da kan ɓuya cikin naman shanu. Naman tsohon sa mai jijiya kuwa, in kana son ya yi laushi, sai ya daɗe a ƙaramar wuta har ya kai wajen 85 ko 90.

Mai balangu, ga taka. Naman da ya gasu yana jiran mai saye, a riƙe shi a gefen wuta sama da digiri 60. In ya huce ya wuce awa 2 a tire, ka shiga hatsari.

YADDA AKE SOKA SHI

Da farko ka gwada gaskiyarsa. Cika kofi da ƙanƙara, ka zuba ruwa kaɗan, ka tsoma bakin tsinken. In ya nuna sifiri ko kusa da haka, lafiya lau. Sa'an nan ka wanke shi da sabulu da ruwan zafi. Ka nemi wuri mafi kauri, watau cinya ko kafaɗa, ka soka har bakinsa ya kai tsakiya. Kada ya taɓa ƙashi, kada ya tsaya cikin kitse, don duka biyu suna sa shi ya faɗi ƙarya. Gindinsa kuma ya dubi waje, domin harshen wuta yana lalata shi. In ya yi kuka, ka zare shi da tsumma, ka sake sokawa a ɗaya cinyar, gama wuta ba ta cin ko'ina daidai. In ka ga lamba ta ƙi hawa, kada ka ƙara itace baya ya ƙone. Ka tsaga cinyar har ƙashi, zafi ya sami ƙofa.

INDA BA SHI DA AMFANI

Kada wani ɗan tireda ya ruɗe ka. Mai tsire a bakin tukuba ba ya bukatarsa, don yankan tsire bai kai kaurin da tsinken zai ɓuya ciki ba. Haka mai kilishi. Abin da ke tsare kilishi shi ne shanya, da gishiri da yajin da ke cikin labu, da gashin ƙarshe a kan garwashi. A nan idon rundawa da hannunsu sun fi kowace na'ura.

Wajen banda kuwa, rabin aikin kaɗai yake yi. Zai taimake ka ka riƙe zafin wurin ƙyafe tsakanin digiri 105 da 120 da farko, har cikin naman ya wuce 70. Daga nan sai a rage wuta a bar hayaƙi da ɗumi su tsotse ruwa. Ma'auni yana gaya maka nama ya nuna ne, ba ya gaya maka ya bushe. Banda kuwa bushewa ke sa ta yi watanni. Sai ka karya tsoka ka duba, in da sauran danshi a ciki fumfuna za ta kama ta. Da damina a riƙa mai da ita kan wuta lokaci-lokaci. A nemi busasshen itace irin su marke ko gawayin ƙirya. Kada a hura wuta da leda ko roba, gubarsu tana kama nama.

Abu na ƙarshe, naman da ya riga ya juya, ba lambar da za ta gyara shi. Waɗansu ƙwayoyin cuta suna barin dafi wanda wuta ba ta kashewa. In hanci ya ce a'a, a zubar.

SHIN A SAYA?

Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma yana son caji. Wanda ke gasa kaji da manyan tsoka kullum, ko mai karɓar gashin biki, zai mai da kuɗinsa. Mai rago ɗaya a shekara kuwa, akwai ƙaramin ma'auni mai araha wanda ake sokawa a karanta a zare, lambarsa ɗaya ce da ta babban, sai dai ka riƙa tashi kana dubawa. Ko kuwa mutanen unguwa da ke haɗa wuta ɗaya su haɗa kuɗi su sayi guda. Akawu ko malamin makaranta da ke cikinsu ya karanta musu takardarsa.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Gaskiya ne, sai dai ido ba ya ganin gindin ƙashi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zamfara. Amin.