Yadda ɗan kurege ya lashe gasar Pokémon ta duniya

A watan Agustan 2014, a birnin Washington na Amurka, ɗan Koriya ta Kudu Se Jun Park ya lashe gasar Pokémon ta duniya da wata halitta da 'yan wasa da yawa suka raina: Pachirisu, mai kama da kurege.

A gasar, kowane ɗan wasa na zuwa da halittu shida, ya zaɓi huɗu, su riƙa shiga fili bibbiyu. Halittun sun kasu gida 18, kowanne da mai rinjayarsa: ruwa na kashe wuta, lantarki na illata ruwa.

Nan lissafin Park ya yi aiki. Babban mayaƙinsa, Gyarados, ba ya jure lantarki. Shi kuwa Pachirisu yana da dabarar Follow Me, mai janyo harin abokin karawa kansa, kuma lantarki lafiya yake ƙara masa. Yayin da yake tare duka, Gyarados na samun sararin kai farmaki.

Don haka kafin ka tara ƙarfafa shida, duba raunin kowannensu da wanda zai kare shi. Idan uku na tsoron abu ɗaya, abokin karawa guda ya isa ya tarwatsa tawagarka.