Mota Mai Ruwa Biyu da Mota Mai Lantarki

'Yan'uwa ɗalibai, tun ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota daga Kafanchan zuwa Kaduna ko Jos ya zama abin tunani ga kowannenmu in hutu ya zo. Shi ya sa ake ta zancen waɗansu motoci iri biyu waɗanda ba su shan mai kamar na da. Yara za su tambaye mu a aji, ya kamata mu san amsa.

Mu fara da abin da ke ƙofar gida. Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa a 1927, a 1955 kuwa aka kawo kawunan jirgi masu dizal da lantarki Nijeriya. Injin irin wannan kai ba shi ne ke juya ƙafafu ba. Janareta yake juyawa, janareta ya ba da wuta, wutar ta tura jirgi. Watau mai da lantarki sun daɗe suna aiki tare.

Mota mai ruwa biyu ta ƙara abu guda, shi ne batir na ajiyar wuta. Tana da injin fetur, tana da injin lantarki. Sa'ad da za ta tashi, ko tana tafiya sannu cikin kasuwa, lantarki ke janta. In ta hau babbar hanya, sai injin fetur ya kama. A hawa kuwa su taru su ja. Ga inda dabarar take: in direba ya taka birki, sai injin lantarki ya koma janareta, ƙarfin da motar yau da kullum ke zubarwa ya zama zafi, ita sai ta mai da shi cikin batir. Saboda haka gangarowa daga Jos, batir cika yake yi. Kamfanin Toyota na Japan ya fara sayar da irinta, mai suna Prius, a 1997.

Mota mai lantarki zalla ba ta da tanki, ba ta da salansa, ba juyen baƙin mai, ba hayaƙi. Amma sai an sa ta caji kamar wayar hannu, a gida kuwa yakan ci sa'o'i da yawa. In wuta ta ɗauke kwana biyu, mota ta kwanta ke nan.

To, wacce ta fi? A inda wuta ta zauna sosai, mai lantarki ta fi sauƙin riƙo, gama kayan cikinta kaɗan ne. A wajenmu kuwa, mai ruwa biyu ta fi dacewa tukuna, domin kowane gidan mai ya ishe ta. Sai dai mai sayen tsohuwa ya sa a gwada batirin kafin ya biya, gama sabonsa da tsada, kuma ba kowane makaniki ya iya shi ba. Wutar cikinsa tana iya kisa, kada wanda bai koya ba ya taɓa.